Haya a bayan katangar Disney: abin da kuɗinmu ya saya mana a Orlando

Tun da dangi da ƙawaye suka ji muna Orlando, saƙon da ke shigo mini kashi biyu ne. Akwai masu son kawo yara hutu suna tambayar otal, akwai kuma masu shirin tarewa gaba ɗaya suna tambayar gidan haya. Na biyun nake rubuta wa wannan, a kan rukunin gidajen da muke ciki ni da maigidana da yaranmu biyu. Ba zan kama sunan wurin ba, don har yanzu a cikinsa nake kwana. Kuma in ka ga ɗaya a yankin nan kusan ka ga sauran: benaye hawa uku, fenti ruwan ƙasa, itatuwan ado a bakin get, da tuta tana kaɗawa an rubuta akwai ɗaki. Ra'ayina tun daga farko shi ne, wuri ne da ya ci kuɗinsa ga wanda aikinsa ke kusa. Wanda aikinsa ke nesa kuwa, tsadar unguwar 'yan yawon buɗe ido kawai zai riƙa biya ba gaira ba dalili.

Muna kudu maso yammacin gari, a gundumar Orange, kusa da titin 535 da ake ce wa Apopka-Vineland, inda yake haɗuwa da babbar hanyar I-4 a mafita ta 68. Duk wanda ya taɓa zuwa Disney Springs ya bi ta nan ko bai sani ba. Adireshinmu yana cewa Orlando, amma tsakiyar birni, inda kotu da ofisoshin gwamnati suke, yana wajen kilomita 25 daga ƙofarmu. Birnin kansa mutum dubu 307 ne da 'yan kai a ƙidayar 2020, amma abin da jama'a ke ce wa Orlando ya haɗa har da su Kissimmee da Sanford da Winter Garden, mutum sama da miliyan biyu da rabi. Kafin a buɗe Disney World ranar 1 ga Oktoban 1971, nan duk gonakin lemo ne da fadama da makiyayar shanu. Gundumar Orange tana da mutum kimanin dubu 344 a 1970, zuwa 2020 ta haura miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Sanyin da ya kashe itatuwan lemo a 1983 da 1985 da 1989 ya sa manoma da yawa suka sayar wa magina filayensu, shi ya sa yau sunan lemo ya rage a alluna, rufin gidaje ya cika ko'ina. A kan wannan kuma sai ka ɗora baƙi sama da miliyan 70 da ke shigowa a shekara, dukkanmu titi ɗaya muke bi.

Bari in fara da kuɗi, tunda shi ne abin da kowa ke tambaya. A shafinsu na intanet an rubuta ɗaki biyu da falo da banɗaki biyu dala 1,850 a wata. Wannan adadin ba shi ne hayarka ba. Sai ka zauna a ofis an miƙo maka takarda sannan za ka ga 'yan rakiyarsa: kuɗin kwashe shara, kuɗin feshin ƙwari, kuɗin ruwa da magudana, intanet na dole ko kana da naka, kuɗin akwatin da ake ajiye saƙon da aka aiko maka, da inshorar ɗan haya wadda in ba ka nuna takardarta ba ba za a ba ka mabuɗi ba. Da aka haɗa namu sai da ya haye dala 2,000, ba a yi maganar lantarki ba tukuna, wanda a watan Agusta yakan wuce mana dala 200. Kafin nan ma akwai kuɗin cike takardar nema na kowane baligi, da wani wai shi kuɗin gudanarwa, dukkansu ba sa dawowa ko an ba ka ɗakin ko an hana ka.

Na shara ya fi ci mini rai. Suna ba ka ɗan kwandon bola, ka fito da shi ƙofar ɗaki da yamma daga Lahadi zuwa Alhamis, wani ya zo ya kwashe. Ba ka da ikon cewa ba ka so, ko da babbar bolar tana kallon tagarka. Juma'a da Asabar, ranakun da aka fi girki aka fi baƙi, ba a zuwa. In ka bar kwandon a waje har gari ya waye kuma tara ce. A zafin garin nan kan kifi ba ya jiran Lahadi, don haka ni dai nakan sa maigidana, Abban Ummi, ya kai bola da ƙafarsa, mu biya kuɗin kwashewa a ƙarshen wata.

Sharaɗinsu shi ne abin da gida ke samu a wata ya ninka hayar sau uku. Ku yi lissafi da ni. Mafi ƙarancin albashi a Florida ya zama dala 13 a awa a Satumban 2024, ana ƙara dala ɗaya duk shekara har ya kai 15 a 2026. Mai karɓar 15 a awa, in yana samun awa 40 a mako, yana tashi da wajen dala 2,600 a wata. Miji da mata su biyu, 5,200 ke nan, ga shi ana neman 5,550. Wato masu gyaran ɗakunan otal da masu wanke-wanke a gidajen abincin da suka kewaye mu, da yawansu ba su isa su kama ɗaki a inda suke aiki ba, sai sun haɗu su uku ko huɗu. Ko ma'aikatan Disney sai a 2023 ƙungiyoyinsu suka samo yarjejeniyar da ta kai mafi ƙarancin albashinsu dala 18. Ana yawan yi wa Florida kirarin ba ta karɓar harajin albashi na jiha, gaskiya ne, amma haya da inshorar mota sukan karɓe abin da jihar ta bar maka. Sabon zuwa daga gida kuma yana da wata matsalar: ba shi da tarihin cin bashi da biya a Amurka, don haka ko a ninka masa kuɗin ajiya ko a ce ya kawo mai tsaya masa. Tun 2023 doka ta yarda masu gida su ba ka zaɓin biyan wani ɗan kuɗi duk wata a madadin kuɗin ajiya. Yana da sauƙi a ranar shiga, amma ba ajiya ba ne, ko sisi ba za a mayar maka ba ranar fita.

Wani abin da ya ɗaure wa maigidana kai shi ne farashi ba ya zama wuri ɗaya. Mun duba ɗakin a tsakiyar mako, muka dawo ranar Asabar da niyyar sa hannu, sai muka tarar an ƙara dala 75. Yarinyar ofis ɗin ta juyo mana da fuskar kwamfutarta ta ce ba ita ke yanka farashi ba, na'ura ce ke fitarwa kullum da safe, gobe ma yana iya hawa ko sauka. Shi kuwa mutum ne da ya tashi a shagon mahaifinsa, bai san a faɗi kuɗi a tashi ba a taya ba. Ya juyo ya ce da ni da Hausa, "Maman Ummi, to ki ce mata ta kira mana na'urar mu yi ciniki mana." Ba mu samu ragi ba, sai dai ta yafe mana kuɗin gudanarwa, wanda ashe shi kaɗai ne a hannunta. Daga baya, a watan Agustan 2024, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai wani babban kamfani mai irin wannan manhaja ƙara, bisa zargin tana taimaka wa masu gidaje su haɗa kai kan farashi.

Abin da suke fara nuna wa mai neman ɗaki shi ne wurin ninkaya, da kujerun kishingiɗa da laima-laima, sai ɗakin motsa jiki mai madubi bango guda. An ƙawata shi kamar ɗakin amarya ranar da 'yan kallo za su shigo. Ni dai ban amfana da shi ba. Daga Yuni zuwa Satumba kusan kullum da la'asar hadari yake haɗowa da tsawa, kuma tsakiyar Florida na cikin wuraren da aradu ta fi faɗawa a duk Amurka, da an ji rugugi kowa ya fito daga ruwa. Ƙarshen mako kuma kiɗa ne da giya, ba wurin da zan kai 'ya mace ba. Yara sukan je da babansu da safe in yana hutu, shi ke nan. A bayan gininmu akwai kududdufin da aka haƙa don tara ruwan sama, an kafa allo a bakinsa cewa akwai kada. Ba wasa ba ne, a Florida duk ruwan da ya kwanta ana ɗauka da kada a ciki, kuma wannan ne darasi na farko da muka koya wa yaran.

Abin da ya kamata a fara nuna wa mutum shi ne na'urar sanyaya ɗaki da mai gyaranta. A nan esi ba ado ba ne. Zafin kan kai digiri 33 ko 34, wanda mutumin Zariya zai ce ai wannan ba komai, amma laimar da ke cikin iskar ita ce masifar: zufa ba ta bushewa, tawul ba ya bushewa, takalmin fata in ka manta da shi a kabad sai ya yi fumfuna. Abin mamaki, dokar haya ta Florida ta wajabta wa masu irin waɗannan gidaje su samar da ruwan famfo da ruwan zafi da abin ɗumama ɗaki lokacin sanyi, amma ba ta wajabta esi ba. Don haka abin da aka rubuta a yarjejeniyarka, da halin mutanen da ke gyara, su ne kaɗai madogararka.

Tamu ta tsaya wata Asabar a watan Yuli bayan azahar. Kafin la'asar falo ya zama ba ya zaunuwa, ƙaramin yaron sai kuka yake yana tsige riga. Na kira lambar gaggawa ina tsammanin sai Litinin. Ba a yi awa biyu ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne ɗan Puerto Rico, cikin dubban da suka dawo yankin nan bayan guguwar Maria ta 2017. Da ya ga takalma jere a bakin ƙofa, ba wanda ya ce masa komai, ya zaro ledar rufe takalmi daga aljihu ya saka. Maigidana yana salla a falo, mutumin ya tsaya a gefe da akwatin kayan aikinsa har aka sallame. Sannan ya buɗe ɗan kabad ɗin da na'urar take ciki, ya kira ni ya nuna mini wani farin bututun roba mai murfi, da wani ɗan makunni a gefensa. Ya ce na'urar tana tatsar ruwa daga iska, ruwan yana bin bututun nan ya fita waje. In gansakuka ta toshe shi ruwan ya taru, makunnin ne ke kashe komai don kada ya zubo wa na ƙasa ta silin. Ya sauka bayan gini da injin zuƙa, ya manna a bakin bututun, sai ga wani kauri mai yauƙi ruwan toka ya fito ya cika ƙasan bokiti. Ya dawo ya tsiyaya ruwan khal a bututun, ya zare matatar iska ya ɗaga ta saitin fitila, ko haske ba ya ratsa ta. Ya ce duk wata in zuba kofi ɗaya na khal, in karɓi sabuwar matata a ofis kyauta, kuma ko za mu yi tafiya kada mu kashe esi ɗungurungum, mu bar ta a 25 ko 26, in ba haka ba mu dawo mu tarar da bango ya yi baƙi. Duka aikin bai fi rabin awa ba. Na kawo masa lemo da cincin, ya sha lemon a tsaye, ya ƙulle cincin ɗin a takarda ya ce na jikarsa ne.

Tun daga ranar duk abin da na kai ƙara, famfo ne ko firij ko injin wanki, ba ya wuce kwana biyu. In aka ce in faɗi abu ɗaya da ya sa ban yi da-na-sanin wurin nan ba, sashen gyara ne. Kuma ba sa faɗo wa mutum ɗaki. Akwai dokar da Florida ta yi a 2022, Miya's Law, bayan wani ma'aikacin gyara ya kashe wata ɗaliba da ke zaune a wani rukunin gidaje a nan Orlando a 2021. Dokar ta sa dole a binciki tarihin ma'aikata, a riƙa rubuta wanda ya ɗauki mabuɗi da lokacin da ya mayar, kuma a ba ɗan haya sanarwar awa 24 kafin a shigo masa gyara, maimakon 12 da ake yi a da. Ga mace irina da ke zaune a ɗakinta ba lulluɓi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sa an rubuta a fayil ɗinmu cewa a kira kafin a zo, kuma suna kiyayewa.

Kicin ɗin kuwa an yi shi ne don masu ɗumama abinci, ba don masu girki ba. Murhun lantarki ne mai fuskar gilashi, in kana tuƙa tuwo tukunyar sai ta riƙa zamewa, hannu ɗaya na riƙe da ita ɗaya na muciya, zuciyarka kuma na kan gilashin kada ya tsage a cire a kuɗin ajiya. Fankar da ke saman murhu ba waje take fitar da hayaƙi ba, tacewa take ta maido maka shi cikin ɗaki. Ranar da na soya manja ko na sa daddawa a miyar kuka, sai na buɗe ƙofar baranda, zafi ya shigo, esi ta kama aiki, mita ta kama gudu. Ƙararrawar hayaƙi ba ta da kawaici ko kaɗan: turaren wuta a kasko ma ya isa ta tara maka maƙwabta. Yanzu ɗan kaskon lantarki nake amfani da shi, in sa kaɗan, a ɗaki can nesa da ita. An hana gawayi a baranda, an hana shanya. Akwai wurin gashi na kowa da kowa kusa da wurin ninkaya, amma kun san abin da ake gasawa a kai, don haka naman layyarmu a tanda yake ƙarewa. Banɗaki ba shi da makwarara a ƙasa, kuma benen da katako aka gina shi, ruwan buta in ya zuba ya kwanta to yana neman hanyar silin ɗin na ƙasa ne. Alwala a cikin kwamin wanka muke yi, yara sun saba.

Katakon nan shi ne ya haɗa ni da maƙwabciyata ta ƙasa. Aikin dare take yi a wani otal, ta dawo da asuba ta kwanta daidai lokacin da nawa yaran ke tashi. Gudu ɗaya ƙaramin zai yi daga ɗaki zuwa falo ta ji shi a kanta. Sau da yawa ba ta zo mini ba, ofis ta kai, ofis kuma ya liƙa mana takarda a ƙofa. Sai da na sauka da kwanon dambun shinkafa muka yi magana, ta faɗa mini awannin barcinta, na shimfiɗa kafet mai kauri, aka zauna lafiya. Ba a daɗe ba ta tashi. Haka wurin yake. Akwai 'yan Venezuela da Birazil da Haiti da Indiya da Maroko, mutanen kirki akasari, amma kowa da lokacin aikinsa, wani na fita ƙarfe huɗun asuba wani na dawowa ɗayan dare, kuma duk ƙarshen wata sai ka ga motar kwasar kaya a bakin wani gini. Kafin ka san sunan 'ya'yan mutum ya tafi. Mai neman maƙwabtaka irin ta a bar maka yaro ka je kasuwa ba zai same ta a nan ba. Wasu ma ba 'yan haya ba ne: akwai masu kama ɗaki su riƙa ba 'yan hutu na kwana uku huɗu a ɓoye, ka ga baƙin fuska da akwatuna da kunnuwan Mickey a ka suna laluben lambar ƙofa. Yarjejeniya ta hana, amma ofis yana jan ƙafa a kai, kuma wannan na cikin abin da na rage musu maki.

Wasan wutar Disney ana jin sa kusan kullum wajen ƙarfe tara na dare, kamar ana buga ƙofa daga nesa. Makon farko yara suna rugawa baranda, yanzu ko ɗaga kai ba sa yi.

Fakin kuma a yi hattara. Bayan magariba wuri yakan ƙare, kuma motar baƙo in ba a yi mata rajista a manhajarsu ba janwe ne zai ɗauke ta cikin dare. Yayana ya zo mana daga wata jiha ya kwana biyu, rajistar ta ƙare da tsakar dare ba wanda ya tuna mana, gari ya waye ba mota. Sai da ya biya abin da ya fi kuɗin mansa na zuwa da komawa. Ofis ya ce ba ruwansa, kamfanin janwe daban ne, alhali su suka ɗauko shi.

A maganar guguwa dai sun yi abin a yaba. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Orlando ba ta bakin teku, shi ya sa mutane ke sakankancewa, amma Ian ta ƙarshen Satumban 2022 ta nuna ruwan sama kaɗai ya isa: unguwanni irin su Orlo Vista da wasu sassan Kissimmee da gidajen ɗalibai ta wajen jami'ar UCF sun sha ambaliya, Disney kanta ta rufe kwana biyu. A wurinmu tun kafin ta iso aka bi ƙofa-ƙofa a ce a kwashe komai daga baranda, aka yashe magudanai, aka bar get a buɗe don kada wuta ta ɗauke a kulle mutane. Kududdufin ya cika ya haura har ya shiga ɗakunan ƙasa na ginin da ke bakinsa. Mu muna hawa na biyu, ba abin da ya same mu. A nan ne maƙwabta suka gano inshorar ɗan hayar da aka tilasta musu ba ta biyan ɓarnar ambaliya, wannan wata inshora ce daban. Milton ta Oktoban 2024 ta zo mana da sauƙi, wuta ta ɗauke ta dawo, rassan itace suka cika fakin, washegari dattijon nan da yaransa suna ta sara. Shawarata, a nemi hawa na biyu. Na ƙasa yana da ruwa da manyan kyankyasai masu tashi, na uku kuma rana na dukan rufinsa kuma babu lifta.

To me ya zaunar da mu duk da wannan? Hanya. Maigidana yana aiki a sito na wani otal ta wajen International Drive, ni kuma a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma dukkanmu muna iya zuwa aiki ta Palm Parkway da Turkey Lake ba tare da mun hau I-4 ba. Wanda bai zauna a nan ba ba zai san darajar wannan ba. I-4 ita ce jijiyar garin, daga Tampa zuwa Daytona Beach, alluna na cewa gabas da yamma alhali a cikin Orlando kusan kudu da arewa take tafiya, baƙi su yi ta ɓata. An kashe sama da dala biliyan biyu an faɗaɗa mil 21 nata, aka buɗe layukan biya a 2022, amma aikin daga Kirkman ya fara ya yi arewa, ɓangaren Disney yana nan da cunkosonsa, 'yan hutu a motar haya suna canza layi ba sigina. Da aka buɗe Epic Universe, wurin wasanni na kamfanin Universal, a Mayun 2025 sai aka ƙara wa Barno dawaki. Sauran manyan hanyoyin, 408 da 417 da 429 da 528, duk na biya ne, sai ka manna E-PASS ko SunPass a gilashi ana cira kaɗan-kaɗan har ka ga jimilla a ƙarshen wata ka riƙe baki. Abokan aikina da suka gudu Davenport ko Poinciana don haya mai sauƙi suna ba da abin da suka rage a mai da kuɗin hanya, ga awa guda ko fiye a mota kowace tafiya.

Kada kuma wani ya ce zai zauna ba mota. Bas ɗin LYNX dala 2 ne, yana da araha, amma layuka da yawa sai bayan rabin awa ko awa guda, ga jira a rana ko a ruwa. Jirgin ƙasa na SunRail da ya fara aiki a 2014 ba ya biyowa ta wuraren wasannin nan, kuma ba ya aiki Asabar da Lahadi, ranakun da ma'aikatan yawon buɗe ido suka fi aiki. A 2022 an nemi masu zaɓe a gundumar su yarda a ƙara kashi ɗaya a harajin saye don sufuri, suka ƙi. Harajin kashi 6 da ake karɓa a kan ɗakunan otal kuma, kuɗi ne masu yawa, amma dokar jiha ta ɗaure shi a kan tallata yawon buɗe ido da gina irin su babban zauren taro da filayen wasa, ba bas ko gidajen ma'aikata ba.

Abu na biyu da ya riƙe mu shi ne masallaci. Islamic Center of Orlando yana nan kan titin Ruby Lake, tafiyar 'yan mintoci, ranar Juma'a sahu ya haɗa mazauna da 'yan hutu daga ko'ina a duniya. A kan Apopka-Vineland akwai mahauta da gidajen abinci na halal, na Larabawa da 'yan Pakistan da Indiya. Kayan miyarmu ne sai an yi tattaki, shagunan 'yan Afirka da na Caribbean sun fi yawa ta wajen Pine Hills da Orange Blossom Trail. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa kuwa har yau a jakar masu zuwa daga gida nake samu. Wata Hajiya 'yar Ghana da muke haɗuwa a masallaci ita ta ce mini, "'Yata, in kin samu gida kusa da aikinki da masallacinki, ki daure da sauran." Da maganarta na auna takardar sabunta haya da ta zo.

Takardar takan zo wata biyu kafin wa'adi, kuma ba ta taɓa zuwa da ragi ba. Babu dokar da ta ƙayyade ƙari. A Nuwamban 2022 mafi yawan masu zaɓe a gundumar Orange sun amince a taka wa ƙarin haya birki na shekara ɗaya, kotu ta hana aiwatarwa, sannan a 2023 majalisar jiha ta haramta wa ƙananan hukumomi yin hakan gaba ɗaya. Wanda ya makara da biya kuma ya sani takardar kwana uku ake ba shi, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, daga nan sai kotu. Ranar fita, in ba su da ƙorafi suna da kwana 15 su mayar da kuɗin ajiya, in za su cire wani abu dole su aiko a rubuce cikin kwana 30, kai ma kana da kwana 15 ka ƙi amincewa. Shi ya sa ranar shiga a ɗauki hoton komai, tabon kafet, tsagar murhu, ƙofar kabad, a tura musu ta imel ya zama shaida.

A wannan karon na je ofis da hoton farashin da suke tallata wa sababbin shiga, wanda ya yi ƙasa da abin da suka nema a wurinmu. Manajar ta duba ta rage rabin ƙarin. Na nemi a rubuta a yarjejeniya cewa lalacewar esi gyaran gaggawa ne, aka rubuta. Na nemi a wanke kafet, aka sa rana. Na nemi a cire mana kuɗin shara, ta yi dariya ta ce ko ita da take zaune a rukunin tana biya. Mun sa hannu na wata goma sha biyu, don na wata-wata ya fi tsada da wajen dala ɗari uku.